Zafi ya ƙaru, ruwa ya canza hali: me ke lalacewa a fagen sana'arku?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da kusan digiri 1.55 sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu. A takarda lambar ba ta da girma. A gida kuwa batir ne ke mutuwa da wuri, bango ke tsagewa, barci ke gagara. Masu sana'a, kowa ya kawo abin da yake gani a fagensa: me ke lalacewa, me ya jawo, kuma me ake yi. A ba mu da lamba in da hali.

Mai haɗa sola:
Wa'alaikumus salam. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, kayanmu a digiri 25 aka auna su. Wat 400 ɗin da aka rubuta a bayan faranti, a wannan zafin ne yake ba da shi. Da tsakar rana farantin kansa yakan kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cinye kusan kashi 0.35 cikin 100. Ƙarin digiri 40 ke nan, kashi 14 sun tafi, wat 400 ya dawo wajen 345. Faranti haske yake so, ba ƙuna ba. Kada a manna shi da kwanon rufi, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashinsa iska ta riƙa ratsawa. Wanki kuma da sassafe, don ruwan sanyi a kan gilas mai zafi yana iya tsaga shi.

Batir ya fi faranti shan wahala. Batir mai ruwa, duk ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Wanda zai yi shekara huɗu, in ka kulle shi a ɗan ɗakin da ke zama a digiri 35, shekara biyu za ka ci, sai a ce jabu aka sayo. A lokacin zafi a duba ruwansa duk mako biyu. Ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa, ban da na famfo, ban da asid. Ɗakin kuma ya samu mafitar iska ta sama, domin batir na fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji.

Magini:
Malam mai sola ya taɓo inda nake so. Kwanon rufi yakan kai digiri 70, zafin ya taru tsakaninsa da silin, ya kwana yana sauko wa mutane. Shi ya sa ɗaki ke fin waje zafi da dare. Maganinsa uku, mai sauƙin farko: a buɗe ƙofofin iska a gefe biyu na ƙarƙashin rufi, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, a shafa wa kwanon farin fenti, in da ƙarfi a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin. Labulen cikin ɗaki kuma ba ya kai rumfar waje amfani, don in rana ta riga ta ratsa gilas, zafin ya shigo ke nan. Tagar yamma ce babbar mai laifi.

Kankare kuwa, zafi da iska busasshiya suna shanye ruwan samansa kafin ya kama, sai ka ga tsage-tsage kamar saƙar gizo a ranar da aka zuba. Leburori sukan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi, nan ne ƙarfin ke tafiya. A zuba da asuba ko da la'asar sakaliya, a jiƙa tsakuwa da katakon da za a zuba kankaren a ciki kafin a fara, a rufe da buhu jiƙaƙƙe ko leda, a yi ta bayi aƙalla kwana bakwai. Ba yayyafi sau ɗaya a rana ba, kada a bar shi ya bushe sam.

Sai ruwan sama. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, don haka in ya tashi zuba, da yawa yake zuba a ɗan lokaci. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, ruwa ya yi milimita 50 cikin awa guda, lita 5,000 ke nan. Indararo ɗaya siriri ba zai ɗauke wannan ba. Ruwan ya ambalo, ya bi bango, ya zauna a gindin gini. A ƙara yawan bututun saukar ruwa, a kai bakinsu nesa da tushe, ƙasar tsakar gida kuma ta gangara waje.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba magini, batun daren nan shi ne damuwarmu. Jiki na jure zafin rana in ya samu dare mai sanyi ya huta. In aka jera darare ba sauƙi, tsofaffi, jarirai, masu ciki da masu ciwon zuciya ko ƙoda su ke fara faɗuwa.

A bambance abu biyu. Wanda ke zufa sosai, da jiri, da ciwon kai, da ɗaurewar jijiya, amma yana cikin hankalinsa, galabaita ya yi: a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa kamar garwashi, zafin jikinsa ya haura 40, wannan rai ne a hannun Allah. A fara sanyaya shi nan take, kafin mota ta zo: a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara ko tsumma jiƙaƙƙe a wuya, hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Farasitamol ba ya aiki a nan, don ba zazzaɓin cuta ba ne.

Magani ma zafi na kashe shi. Yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, amma sai ka gan su a aljihun mota. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, kada kuma ya daskare.

Wani ɗan'uwa:
Anti Nas, fanka fa? Ni na ɗauka ko yaya zafi ya kai, gara da ita. Kuma na ji direbobi na cewa a rage iskar taya a lokacin zafi kada ta fashe.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, fanka ba ta sanyaya iska, zufa take busarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da ita in zafin bai kai digiri 40 ba. In ya wuce haka, iskar ta fi jiki zafi, hura maka wuta take yi. Sai dai ka jiƙa fata ko riga tukuna, sannan ka kunna.

Bakanike:
Batun taya kuwa, ɗan'uwa, wannan shawarar ta kashe mutane. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ke lanƙwasa a gefe, ta ɗauki zafi, ta fashe a kan gudu. A auna da safe kafin mota ta motsa, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. In ka auna bayan tafiya ka ga ta hau, haka ya kamata, kada ka sace mata iska.

Lagireto: ruwa zalla yana kawo tsatsa, yana kuma saurin tafasa. A haɗa da ruwan sanyaya inji yadda kamfani ya ce, a duba murfin, don murfi mai mataccen roba ba ya riƙe matsi, mota ta yi ta zafi ana zargin fanka. Kada a buɗe shi inji na da zafi.

Ambaliya ita ce sabuwar kasuwarmu, ba don muna so ba. Ruwa mai gudu santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. In mota ta mutu cikin ruwa, kada a sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga ta matatar iska ya sauka kan fistin, bugu ɗaya sandar fistin ta lanƙwashe. A ja ta, a cire filogi, a fitar da ruwan, a duba baƙin mai. In ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a canza shi da matatarsa.

Mai gyaran firiji:
Oga bakanike ya gama magana. Nawa gajere ne. A bayan kowane firiji akwai takarda mai harafin ajinsa. N an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. Mai N a ɗaki mai digiri 38, kwamfuresa, wato injin da ke sa shi sanyi, ba za ta huta ba har ta ƙone, ba laifin mai gyara ba ne. A duba harafin kafin a saya, musamman na hannu. A bar santimita 10 tsakaninsa da bango, a goge ƙurar bayansa. In wuta ta ɗauke, firiji a rufe yana riƙe sanyi kusan awa huɗu, firiza cikakkiya kusan awa 48, muddin yara ba sa buɗewa.

Mai haƙar rijiya:
A ƙara da wannan. Rijiyar da ambaliya ta haye bakinta, ko ruwan ya dawo garau, kada a sha, don abin da masai ya amayar ya shiga. A kwashe ruwan, a wanke bangon, a zuba kulorin a bar shi ya kwana, a sake kwashewa har warin ya tafi. Kafin nan a tafasa na sha, ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Bakin rijiya ya ɗaga sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a yi masa daɓen siminti mai gangara kewaye. Masai kuma ya kasance ta gangare, nesa da ita kamar mita 30.

Magini:
Madalla, Malam. Daɓen nan ma kankare ne, a ba shi kwana bakwai ɗinsa na bayi. In ya tsage, ta nan ruwan kwata zai koma ciki.