Mu biyu kacal: sai mun kama tebur tun daga gida kafin mu ci abinci a Disney World?

Baban Ummi, Ƙofar Sauri, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan uwa da suka taɓa zuwa wurin shaƙatawa na Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka. In Allah ya kai mu watan Mayu, ni da maiɗakina za mu halarci bikin kammala karatun 'yarmu a can, kuma ita ce ta saya mana tikitin shiga na kwana uku, daga 20 zuwa 22 ga wata, ta kuma kama mana ɗaki a wani otal da ke wajen harabar. Ita kanta ba za ta samu raka mu ba, domin a makon ne za ta kama aiki, saboda haka mu biyu ne kawai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta ce in zauna tun yanzu in zaɓi gidajen abincin da za mu ci a cikinsu da sa'ar da za mu ci, a kama mana tebur wata biyu kafin ranar. Ni a sanina, mutum biyu ba taro ba ne, duk inda suka shiga ba a rasa kujera biyu da za a ba su, kuma ba na son in ɗaure kaina da agogo a tafiyar da aka shirya don hutu. Sai dai maiɗakina tana fama da ciwon suga, ba ta jure jinkirin abincin rana, sannan ga batun halal wanda ba abin sassautawa ba ne a gare mu. Shin wannan tanadin dole ne ga mutum biyu, ko kuwa na masu tafiya da ayarin yara ne? Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ku lafiya. Na je wurin sau biyu lokacin da nake karatu a can, kuma amsata a taƙaice ita ce ba dole ba ne, matuƙar abin da ake nema shi ne a ci a ƙoshi a ci gaba da zagaye.

Gidajen abincin wurin iri biyu ne. Akwai waɗanda ake zuwa kanta a faɗi abin da ake so, a biya, a ɗauki tire a nemi wurin zama da kai, kuma waɗannan ba a kama musu tebur ko kaɗan, su ne kuma suka fi yawa da sauƙin kuɗi. Akwai kuma waɗanda ake zaunar da mutum a kawo masa takardar jerin abinci, ma'aikaci ya riƙa hidima da shi har ya gama, to su ne 'yarku take nufi. A nau'in farko ma ba sai kun tsaya layi ba: manhajar My Disney Experience da ake sa wa a waya tana ba mutum damar zaɓar abinci da lokacin da zai karɓa, ya biya tun yana wani gefen, idan ya iso ya danna alamar cewa ya zo, a kira shi. A filin Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen shaƙatawa huɗu da ke wurin, na fi zuwa Columbia Harbour House, domin kifi da sauran abincin ruwa ne ƙarfinsu, kuma akwai bene mai sanyi da ba a cika cunkoso a kansa ba.

Zama a gidan abinci na hidima yana cin sa'a guda zuwa sa'a da rabi, ga harajin saye, ga tukwicin ma'aikaci wanda a al'adar Amurka ba ya kasa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin. Wanda ya biya kuɗin tikiti mai tsada don ya ga wuri, a ganina bai kamata ya ƙarar da rana a kan tebur ba. Idan sha'awar zaman ta taso muku kuna ciki, manhajar tana da jerin jira na waɗanda ba su yi tanadi ba, wanda ake shiga idan an matso kusa da gidan abincin, kuma mutum biyu sun fi mutum takwas saurin samun gurbi. Sannan an yarda a shiga da abinci daga waje, in dai ba a cikin kwalba ba ne kuma ba ya buƙatar ɗumamawa, ruwan sha mai ƙanƙara kuwa kyauta ake bayar da shi a kofi a wuraren kanta idan aka roƙa.

Maman Sadiƙ, Daura

Alhaji, barka da wannan abin farin ciki, a gaida Hajiya da jiki. Duk abin da Injiniya ya faɗa game da tsarin wurin haka yake, amma ban bi shi a hukuncin da ya yanke ba, domin shi ya je yana saurayi mai ƙafa, ku kuwa za ku je da mai lalurar da ba ta san uzuri ba. Na je da mahaifiyata, mu biyu kamar ku, ita ma mai ciwon suga ce, kuma abin da na gani shi ne teburin da na kama mata kowace rana ya fi mata amfani a matsayin wurin hutu fiye da wurin ci. A ƙarshen Mayu zafin Fulorida ya riga ya kankama, kuma ba irin namu ba ne na bazara da inuwa ke maganinsa. Zafi ne mai ɗanshi da ke jiƙa riga tun hantsi. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi, hannunta ya fara rawa a kan jaka, a daidai lokacin kuma kowa ya nufi abinci, har sai ka ga mutum riƙe da tire yana kewaya yana neman inda zai ajiye. Mu kuwa muna isa na faɗi sunana, ba a jima ba aka kai mu kujera a cikin sanyi, aka ajiye mata ruwa, ta auna suganta a natse, ta sha maganinta. Wannan natsuwar ce nake so Hajiya ta samu.

Batun halal shi ne dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. A wurin kanta, abin da aka riga aka dafa shi ake miƙo maka, kuma ma'aikacin da ke fuskantar layi mai tsawo ba shi da sararin da zai tsaya dogon bayani. A gidan hidima kuwa, idan ka rubuta buƙatarka lokacin kama teburin, ka kuma maimaita ta da ka zauna, za ka iya neman kuku ya fito ku yi magana, ka tambaye shi ko an sa giya a miyar, ko akwai naman alade ko kitsensa a cikin abin da kake zaton ganye ne zalla, ko a man da aka soya wani abu aka soya kifin. Naman halal ba a jere ake iske shi ba, nemansa ake yi tun kafin ranar ta hannun sashen da ke kula da masu buƙatar abinci na musamman, kuma ba za a san inda za a kai shi ba sai kana da tebur da rana da sa'a. Wanda bai yi tanadi ba, to ya shirya wa kifi da ganye da dankali na tsawon kwana uku.

Ina kuma jan hankali a kan wani abu da ke ruɗar mutanenmu. A filin EPCOT akwai rumfunan ƙasashe 11 da suka kewaye wani tafki, cikinsu har da ta Maroko da aka buɗe a 1984, wadda Sarki Hassan na biyu ya aiko da masu sana'ar ƙasarsa suka ƙawata ta. Wurin yana da kyau ƙwarai, zanen bangonsa da tayil ɗinsa abin tsayawa kallo ne, amma ganin ginin Musulmi bai isa hujjar cewa naman da ake sayarwa a ciki yankan Musulmi ne ba. A tambaya a can kamar yadda za a tambaya a ko'ina.

Shawarata ita ce tebur ɗaya a kowace rana, na abincin rana, sauran kuma a bar wa hali. Ana buɗe tanadi kwana 60 kafin ranar, wajen ƙarfe 6 na safe agogon can. Tun da otal ɗinku a waje yake, kowace rana za ku kama ta ne daban. Masu kwana a otal ɗin Disney ne ake ba damar kama na dukan kwanakinsu, har goma, a zama guda. Teburin 20 ga Mayu zai buɗe ranar 21 ga Maris, na 21 ga Mayu washegari, na 22 kuma ranar 23 ga Maris, kuma a wannan lokacin tazararmu da su sa'a biyar ce, wato ƙarfe 11 na safe a Katsina. Ba duka ne ke ƙarewa nan take ba. Waɗanda ake rububi su ne irin su Cinderella's Royal Table da ke cikin fadar Magic Kingdom, wanda ake biyan kuɗinsa gaba ɗaya tun lokacin tanadi, da Space 220 na EPCOT da aka buɗe a 2021, kuma ba na jin ɗayansu ya zama muku wajibi. Da ni ce, da na nemi Sanaa, wanda ke otal ɗin Animal Kingdom Lodge, inda ake cin gurasa irin ta Indiya da miya kala-kala ana kallon raƙumin dawa da jakin dawa ta taga. Da rana ake zuwa, domin idan duhu ya yi ba a ganin dabbobin sosai.

Abu Fadila, Layout, Katsina

Ranka ya daɗe, ƙarin da zan yi a kan maganar Maman Sadiƙ na kuɗi ne. Ba a kama tebur sai an sa lambar katin banki, domin wanda bai zo ba kuma bai soke ba aƙalla sa'a biyu kafin lokacin, ana cire masa tarar dala 10 a kan kowane mutum. Ni lokacin da na tashi yi, katin naira na bankina ya ƙi wucewa, na yi ta gwadawa har gurbin da nake so ya tafi, sai da na koma kan katin dala. Ku gwada katinku tun kafin ranar, ko kuma 'yarku ta yi tanadin da nata daga can.

Wannan tarar tana da amfani ga mai nema a makare, domin ita ce ke sa mutane sakin teburan da ba za su yi amfani da su ba, shi ya sa a daren jajiberi da safiyar ranar ake ganin gurabe suna fitowa, musamman na mutum biyu. Kada kuma a sa kilishi ko dambun nama a jaka da nufin guzuri, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin a shiga da nama irin wannan.

Baban Ummi, Ƙofar Sauri, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina bayanin Maman Sadiƙ, ta ce abin da take tsoro ke nan tun farko ba ta dai faɗa ba. Mun tsaya a kan tebur ɗaya a rana. Saura tambaya guda: idan muna wani fili, za mu iya kama tebur a wani filin daban, mu je mu ci mu dawo? Abincin dare kuma fa?

Maman Sadiƙ, Daura

Alhaji, kada ku yi haka. Filayen huɗu ne, Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios da Animal Kingdom, kuma ba maƙwabtan juna ba ne da za a taka da ƙafa daga wannan zuwa wancan cikin minti biyar. Tsakanin fita, da jiran bas ko jirgin da ke bin dogo a sama, da sake shiga, sa'a guda tana iya tafiya. Bayan haka, gidan abincin da ke cikin fili ba a shigarsa sai da tikitin wannan filin, kuma tikiti na gama-gari fili ɗaya yake bayarwa a rana, sai in 'yarku ta ƙara kuɗin ƙetarawa daga fili zuwa fili. Ku fara tsayar da filin kowace rana, sannan ku nemi tebur a cikinsa, tsakanin ƙarfe 12 da 1 ko daidai lokacin da Hajiya ta saba ci. Sanaa ne kawai zai fitar da ku, shi kuwa ba ya buƙatar tikiti tun da a otal yake, sai ku haɗa shi da ranar Animal Kingdom domin su ne kusa, ku kuma tashi da wuri.

Abincin dare ba sai kun kama masa komai ba. Akwai babban masallaci a kusa da titin Apopka-Vineland, ba nisa da harabar, kuma a kewayensa akwai gidajen abinci na Musulmi da shagunan da ke sayar da naman halal. Mu can muke zuwa bayan mun fito, mu yi salla, mu ci shinkafa da nama hankali kwance, in sayo dabino da biskit ɗin da zan sa wa Hajiyarmu a jaka saboda gobe. Ranar da kuka yi niyyar tsayawa kallon wasan wuta na dare a Magic Kingdom kuwa, ku ci wani abu a wurin kanta tun kafin magariba, domin da an gama kowa ke nufar ƙofa a lokaci guda, kuma za ku daɗe kafin ku isa otal.