Rigimar "ko malanta ce" a zauren tsofaffin ɗalibai

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Yau sai na faɗi abin da ke cina. Ƙanena tun yana ƙarami ba shi da aiki sai awaki da tumaki, ko akuyar maƙwabta ta kasa haihuwa shi ake kira. Yana son karatun likitan dabbobi, ga shi nan Jami'ar Ɗanfodiyo ana yi. Kawu ya rantse sai likitan mutane, wai a gidanmu ba za a yi mai bin shanu ba. Makin JAMB ɗinsa bai kai na likitanci ba, yanzu yana zaune gida, sa'o'insa sun yi gaba. Iyaye ku ji tsoron Allah. Da a bar yaro haka, ai gara ko malanta ce ya je ya yi.

Malama Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ɗana, mi kake nuhi da "ko malanta ce"? Malanta ta koma abin da ake jehwa ma wanda ya rasa?

Ɗan Mabera: Hajiya ba haka nake nufi ba, maganar yaron nake.

Malama Uwar Biyu: Kai ka rubuta, ba ni ba. Wanda yak koya maka haɗa baƙin da kar rubuta wanga zagi da shi, malami na. Shehu Shagari alli ya riƙa, har hedimasta ya yi a Argungu, kuma 1979 shi anka rantsar shugaban ƙasa. Garin Nana Asma'u za a zamna ana raina koyarwa?

Mai POS na Tsohuwar Kasuwa: Hajiya a yi haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce. Ni NCE gare ni daga kwalejin Shehu Shagari, shekara 3 na yi. Abin da nake samu a teburin nan ya fi albashin abokaina da ke aji. Shagari ai siyasa ta fitar da shi, ba alli ba.

Malama Uwar Biyu: To kai dama ba don so ka shiga ba. Irinku ne ke cika gurbi, ku hana masu so.

Mai POS na Tsohuwar Kasuwa: So ake kaiwa cefane?

Baba Hedimasta (mai kula da zaure): A yi a hankali. Kuma ku sani tun 2022 akwai dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 da aiki. Wane ma'aikacin ofis aka yi wa haka?

Injiniya: Baba, ƙara wa mutum shekarun wahala ai ba gata ba ne.

Baba Hedimasta: Ba zan tanka maka ba, na san ajin da ka maimaita.

Dakta na Kara: Ni ba ruwana da malanta, "mai bin shanu" ce ta tsaya mini. A gaya wa Kawu darussan JAMB ɗin iri ɗaya ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mu ma wahalar shekarun nan muka sha, kuma majinyacinmu ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Naman da Kawu ke ci, waye ke duba shi a mahauta kafin ya iso kasuwa? Tarin fuka na shanu da ciwon haukan kare daga dabba suke tsallakowa kan mutum. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ita ce abin kunya? Ya leƙa Achida ko Illela ranar kasuwa ya ga inda dukiya take.

Likita a UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo): Da girmamawa, amma a daina haɗawa. Shekara 6, sannan shekara guda ta horon asibiti, sannan bautar ƙasa, sannan kwanan aiki a asibiti. Idan aka ce "likita" kowa ya san wanda ake nufi.

Dakta na Kara: Awo, mun sani. Wanda ke jiran bizar Saudiyya.

Likita a UDUTH: Kai ma da shanu na ba da biza da ka tafi.

Injiniya: Duk ku biyun ku zauna. Da ku da mu yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya zaunar da kowa gida, bai tambayi kwas ba. Ni da za a ji tawa, yaro ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ya koyi lantarki. Siminti na Kalambaina ba da takardar Tarihi ake juya injinsa ba.

'Yar Gidaɗawa: Yanzu kuma Tarihi ya tsone maka ido? Waziri Junaidu injiniya ne? Ka taɓa shiga gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa kuwa?

Injiniya: Ranki ya daɗe, ban ambaci Waziri ba.

'Yar Gidaɗawa: Dama ku 'yan Gusau haka kuke, ba ku san darajar abin ba.

Injiniya: Ni haifaffen Rijiyar Ɗorowa ne, aiki ya kai mahaifina Gusau.

Ɗan Mabera: Jama'a don Allah, ni shawara nake nema. Ana iya canza kwas a JAMB bayan sakamako ya fito, ko sai ya sake zama? Kuma wa zai tunkari Kawu?

Dakta na Kara: Ana canzawa a cibiyar JAMB, amma kada ku yi jinkiri. Kawu kuwa ka kawo shi Kara, kasuwar dabbobi.

Malama Uwar Biyu: Ka janye kalmarka tukuna.

Baba Hedimasta: To, dare ya yi, zan rufe. Abin da aka tattauna a taƙaice: wani ɗanmu ya yi suɓutar baki a kan malanta, Hajiya ta gyara masa da hujjoji masu ƙarfi, ba wanda ya iya ture su. An tabbatar cewa likita da injiniya da mai duba dabba duk ta hannun malami suka biyo. Maganar mai POS ba hujja ba ce, ƙorafi ne. Batun biza da na Gusau na goge su. Shi kuma yaron, in Kawunsa ya ƙi, a kawo mini takardunsa ranar Litinin, ina da wanda zan yi wa magana a sashen koyar da Bayoloji.