An ga HPV a gwajin uwargidana, ni ma ina ɗauke da ita ke nan?

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Ina zaune a Kubwa, matana biyu. Uwargidan ta je gwajin bakin mahaifa, aka ce tana ɗauke da HPV, wato ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda wani irinta kan jawo sankarar bakin mahaifa. Ni lafiyata ƙalau, ko ƙurji babu a gabana. Wallahi har shaiɗan ya fara raya min wani abu game da ita. Daga ina ta samo? Akwai gwajin da zan yi? Ina kuma tsoron kada amarya ta ɗauka.

Wata ma'aikaciyar jinya, Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Malam, fara cire zargin nan daga ranka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da binciken da ya nuna kusan namiji ɗaya cikin uku, daga shekara 15 zuwa sama, yana ɗauke da ita a al'aurarsa, ɗaya cikin biyar kuma irin mai iya jawo sankara ce. Galibinsu ba sa jin komai. Takan yi shekaru a kwance kafin gwaji ya gano ta, don haka ba a iya cewa wane ne ya sa wa wane, ko yaushe. Ba mamaki daga wurinka ta zo. Maza ba su da gwajin yau da kullum irin na mata, sai dai likita ya duba in tsiro ya fito.

Wani magidanci, Nyanya: Ai mu da aka yi wa kaciya ba ta kama mu.

Ma'aikaciyar jinyar: Kaciya tana rage haɗari, Alhaji, ba ta hanawa. Haka kororon roba, tunda fata da fata ake ɗaukarta. Abin da ke ƙara haɗarin shi ne yawan waɗanda mutum ya taɓa kwanciya da su, ko ta aure ne. Shan sigari da raunin garkuwar jiki, kamar na mai HIV, su kuma suna sa ta daɗe ba ta fita ba. In ba haka ba, jiki kan kawar da ita da kansa cikin shekara biyu.

Wata uwa, Lugbe: Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Baiwar Allah tana can tana fargabar sankara, kai kana lissafin zargi. Raka ta asibiti duk ranar da aka ce ta koma, amaryar ma a kai ta gwaji. In kana da 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 aka fara yi musu rigakafin kyauta a nan Abuja. Tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.

Mai tambaya: Na gode. Sigarin dai ina sha. Ni akwai allurar da zan yi?

Ma'aikaciyar jinyar: Maza ma suna iya yi, amma biya za ka yi, kuma ba ta kashe wadda ta riga ta shiga jiki. Fara da barin sigarin. In ka ga tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa a gabanka, dubura ko maƙogwaro, je wurin likita, kada ka shafa maganin 'yan tebur.