Ƙaramin gidan Le Corbusier a Suwizalan: akwai irinsa a Legas?

Maman Sadiƙ, Agege:
Assalamu alaikum. Na je ganin 'yata da ke karatu a Lausanne, sai ta ja ni wani ƙauye, Corseaux, wai mu kalli gida. Na sa ran fada, sai ga ɗan gida mai mita 16 a tsawo, 4 a faɗi, kamar taragon jirgin ƙasa. Villa Le Lac ake ce masa. Mashahurin mai zanen gine-gine Le Corbusier ne ya zana wa iyayensa, aka gama a 1924. Taga guda ce mai mita 11 ke kallon tafkin Geneva, duk inda ka zauna ruwan na gabanka. Har karen gidan an yi wa matakala da 'yar kafa a katanga don ya riƙa leƙen titi! Mahaifiyarsa ta zauna ciki har rasuwarta a 1960, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2016. Sadiƙ na karanta zanen gine-gine a nan. Ina zan kai shi ya ga irin wannan?

Injiniya Bala, Obalende:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da hanya. Ki fara da Jaekel House a harabar reluwe, Ebute Metta. Ginin 1898 ne, ba na zamani ba, amma an gyara shi an mayar gidan tarihi. Ya lura da barandar da yadda iska ke ratsa ɗakunan.

Ɗan Idi-Araba:
Hajiya, a Legas fili ne kuɗi, ba gini ba. Wani tsohon gini, Ilojo Bar, da ke Tinubu Square, gwamnati ta ayyana shi kayan tarihi tun 1956, amma a 2016 aka rushe shi. A shekarar da aka karrama naki na Suwizalan kenan. Wa zai bar ciki da falo a fulotin da zai ɗauki bene hawa goma?

Injiniya Bala, Obalende:
Haka ne wallahi. In na zamani yake so, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ibadan. Ɗakin karatun jami'ar can Maxwell Fry da Jane Drew ne suka zana, su da suka yi aiki da Le Corbusier a Chandigarh ta Indiya. Bangonsa huje-huje ne saboda zafi. Ya kuma nemi New Culture Studios, cibiyar fasaha a Ibadan ɗin da mai zane Demas Nwoko ya zana.

Maman Sadiƙ, Agege:
Na gode Injiniya, Allah ya saka. Jaekel House ɗin suna buɗewa ran Asabar?