Ɗalibaina sun rabu a kan kabalu da sadalu, ya zan yi?

Sabon_Malami:
Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malamai. An ba ni ajin manya a islamiyyar dare, wasu 'yan ɗariƙa ne, wasu 'yan Izala. Da mun shiga babin sallah sai gardama ta kaure: kabalu (kama hannu a tsayuwar sallah) ko sadalu (sakin hannu), ƙunutu, bismilla. Ta yaya zan karantar ba tare da na ɓoye fahimtata ba, kuma kowa ya zauna?

Na_Zaure:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka buɗe littafi ka ware abin da ba saɓani a kansa, kamar kabbarar harama, ruku'u da sujada. Nan ba sassauci. Abubuwan da ka lissafa kuwa saɓanin fiƙihu ne da ya girmi ƙungiyoyin nan nesa ba kusa ba, ita Izala ma a 1978 aka kafa ta a Jos. Sadalu ruwayar Ibnul Ƙasim ce daga Imamu Malik a Mudawwana, kabalu kuma yana cikin Muwaɗɗa, littafin shi Malik ɗin. Ƙunutun Asuba mustahabbi ne a Malikiyya, a asirce, an fi so kafin ruku'u. Shafi'iyya bayan ruku'u suke yi. Hanafiyya da Hambaliyya sai in musiba ta sauka. Bismilla a Fatiha, mashhurin Malikiyya karhanci ne a farilla, Shafi'i ya lissafa ta aya.

Ka fara da nassin littafin da ake karantawa. Sannan ka kawo ɗaya ra'ayin da hujjarsa yadda masu shi za su faɗa da bakinsu. Daga ƙarshe ka faɗi inda ka karkata, sau ɗaya, ka wuce. Inda malamai ke zamewa shi ne su kawo hujjar wancan ɓangare a gurgunce. Ɗalibi ya koma gida, mahaifinsa ya ciro littafi ya nuna masa cikakkiya, daga ranar ko tsarki ka karantar sai ya yi maka kallon mai son rai.

Mai_Tawada:
Akaramakallahu, ka kafa doka tun daren farko: ba ambaton sunan ƙungiya ko na wani malami mai rai, ba kunna guntun wa'azin WhatsApp, kalmar "ɗan bidi'a" da "wahabi" a bar su a bakin ƙofa. Tambayoyi a minti goma na ƙarshe, gara ma a rubuce, don mai ɗaga hannu a tsakiyar darasi sau tari neman magoya baya yake. Ka karanta musu hadisin Banu Ƙuraiza na cikin Buhari: an umarci sahabbai kada su yi La'asar sai a Banu Ƙuraiza, lokaci ya riske su, wasu suka yi a hanya, wasu suka jinkirta sai da suka isa, Annabi (SAW) bai tsawata wa kowa ba.

Hajiya_Mu'allima:
Ni dai ina da gyara. Kada Malam ya ɗauka maulidi, tawassuli da wazifa za su tafi lami lafiya kamar kabalu. Waɗannan kowane ɓangare aƙida yake kallonsu, in ka ce "duk ɗaya ne" su biyun za su ga ka yi musu kwana-kwana. Ka ce akwai saɓani mai ƙarfi, ga abin da ka gamsu da shi, kuma ba ka kafirta mai sallah a kai.

Wanda ya zo maka shi kaɗai yana son barin abin da ya taso a kai, kada ka yi gaggawar murna. Ka tambaye shi me ya karanta, a gidan wa yake zaune. In da iyayensa yake, ka fara masa da haƙƙinsu, ka hana shi zuwa gida da wa'azi a makon farko. Da yawa a nan zumunci ke tsinkewa. Idan akwai sabon musulunta a ajin, kada a aibata addinin danginsa a gabansa, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Shi kam a koya masa sallah a kan hanya ɗaya tukuna, saɓani sai ya yi ƙwari.