Ƙaurin roba yana shigowa cikin mota, amma allurar zafi ba ta tashi

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla gare ni 'yar 2006, otomatik, 'yar Kwatano. Tun shigowar zafin nan nake jin ƙauri kamar an jefa silifas a wuta, musamman idan na maƙale a cunkoson Na'ibawa da rana. Da asuba in zan kai yara makaranta lafiya lau. Allurar zafi tana tsakiya inda ta saba, ruwan lagireto bai ragu ba, baƙin mai ma na duba yana nan. Wani lokaci akwai 'yar ƙara ƙiii daga gaba, sai ta ɗauke. Uwargida ta ce ba za ta ƙara shiga da yara ba sai an gano abin, kuma ban ga laifinta ba. Kafin in kai gareji a fara yi mini canje-canjen kaya, don Allah wa ya san abin nan?

Direban Sharon:
Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da na banza tukuna. Leƙa ƙarƙashin motar ka duba salansa, ledar fiya wata ko baƙar leda in ta manne a jiki takan yi ta ƙauri har sai ta cinye. Sannan in ka tsaya, kai hannunka kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa ne yake riƙewa. Mu masu lodi kuma taya kan gogi bodi in shokozoba ta mutu, amma kai da yara kake ɗauka ban zaci wannan ba. In bel ne yake kuka, goga masa sabulu zai yi shiru.

Mai Rewaya:
Ƙaurin waya daban yake, yana da kaifi, yana shiga maƙogwaro kamar an ƙona bokitin roba. In ka ji irin wannan, ko ka ga hayaƙi ta dashbod, kashe mota ka cire kan batir nan take. Ka kuma duba ko wani ya taɓa ɗaure maka fis da zaren waya, don shi ne yake cinye motoci.

Tsohon Bakanike:
Malam Direba, ka yi haƙuri, maganar sabulun nan a bar ta. Sabulu kukan kawai yake kashewa, ciwon yana nan. Wasu har baƙin mai suke ɗiga wa bel, wannan kuwa kashe robar yake yi gaba ɗaya.

Baban Ummi, tambaya ɗaya: da asuba kana kunna AC? Ina kyautata zaton a'a. Ka ce da rana ne, a cunkoso, ga kuma ƙara. Wannan ya sa hankalina ya tafi kan fanbel da kwamfiresa. Injin da ke cikin motarka bel ɗaya ne dogo yake juya altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari da kwamfiresar AC duka. Idan kwamfiresa ta fara cijewa, da ka danna AC sai ta ƙi juyawa yadda ya kamata, bel ya riƙa zamewa a kan fulinta, wato faifan da bel yake juyawa. Gogar nan ce take ƙona robar.

Gwada da kanka gobe. Tayar da mota a tsaye, buɗe bonet, sa wani ya danna AC kana kallo daga gefe, ka tattare babbar riga da hannunka nesa da bel. In ƙarar da ƙaurin sun zo tare da danna AC, ka samu ɓarawonka. In kuwa ko da AC a kashe tana yi, to boris ɗin fuli ne, ko na kwamfiresar, ko na altaneta, ko tenshina wadda take ɗame bel ɗin, ita ma tana yawan gajiya a irin wannan Corolla. Bayan ka kashe inji ya huce, shafa bel ɗin: in ya yi sheƙi kamar gilashi, ko ya tsattsage, ko ka ga baƙin gari a kusa da fuli, ya gama aiki.

Ka leƙa bayan injin ma da tocila. Gasket ɗin murfin sama yakan yi yoyo, man ya ɗiga kan bakin salansa, kuma ɗigo kaɗan ya isa ya yi wari ba tare da ka ga mai ya ragu ba. Sai dai shi wari kawai yake yi, ba ya yin ƙara.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne bel ya tsinke a hanya. Fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi tauri, famfon ruwa ya tsaya, cikin 'yan mintuna inji ya dahu. In haka ta faru ka faka kawai, kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na gwada yadda ka ce. Ana danna AC sai ga ƙarar, har da ɗan hayaƙi a wajen kwamfiresa. Bel ɗin kuwa sheƙi yake yi. Salansa ba leda, wili duk ɗaya. Yanzu zan iya ci gaba da hawa kafin albashi?

Tsohon Bakanike:
Za ka iya, in dai da AC a kashe babu ƙara ko kaɗan. Cire soket ɗin kwamfiresar don kada yara su danna, ka sa sabon bel yau ɗin nan, ka tafi da tsohon bel ɗin kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a gwada lamba da tsayi. Ranar da za ka sa wata kwamfiresar, ka tsaya a kansu su wanke layin gas, su canza diraya mai tsotse danshi a layin, su zuba man kwamfiresa daidai awo. Wadda ta cije takan bar garin ƙarfe a cikin layi, in ba a wanke ba shi zai kashe sabuwar.