Baƙi da mai jirgi sun sa ni a tsakiya, ina neman shawara

Mai masauki: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan masauki a bakin teku, shekara 6 ke nan. Akwai masuncin da nake haɗa shi da baƙi masu son fita kamun kifi da fatsa. Tun mahaifina na raye muke tare, ranar da iska ta yaye mana rufi shi ya fara zuwa, shi ya sa nake jin nauyinsa. Shekaranjiya baƙi uku suka ba da kafin alƙalami, na ce musu ƙarfe 8 na safe. Suka sauko da huluna da kyamara, babu jirgi babu dalilinsa. Ashe masuncin tun asuba yake jira, da ruwa ya fara janyewa ya tafi abinsa. Su suna neman kuɗinsu, shi ya ce ya riga ya zuba mai. Yaya zan yi?

Tsohon matuƙi: Ɗana, wa ya ba ka ƙarfe 8 ɗin? Teku ba ta bin agogon otal. Kullum cikowar ruwa tana ƙara jinkiri da kusan minti 50, lokacin da ya yi makon jiya ba zai yi yau ba. Laifinka ne, ka biya.

Mai masauki: Baba, makon jiya ƙarfe 8 ya fita, kuma na tura masa saƙo ta WhatsApp.

Tsohon matuƙi: Ya amsa?

Wata 'yar uwa: Hmm, ni ma an taɓa yi min. Sai da muka hau jirgi aka ce ina lasisin kamun kifi, ga shi babu rigar kariya daidai yarona. Otal ya ce aikin jagora ne, jagora ya ce na otal ne. Kar ka biya ko sisi, masuncin ya mayar musu da kuɗinsu.

Wani memba: A raba asarar biyu mana, a huta.

Tsohon matuƙi: Raba me? Mutumin da hannunsa ke cikin ruwa tun duhu ba ya karanta saƙo. Kira ake yi da yamma, shi ya faɗi lokaci, kai ka kai wa baƙi.

Mai masauki: Shekara 6 haka muke yi ba a taɓa samun matsala ba. Kuma ai alama ta nuna ya buɗe saƙon. Baƙin dai gobe za su tafi, ɗayansu har ya fara maganar rubuta ƙorafi a intanet.